'Yan Haya Uku a Cikin Laftof Ɗina

Ni da abokina sana'a ɗaya muke ci, amma ba rabo ɗaya Allah ya yi mana ba. Shi aka ba kai, ni aka ba baki. Shi ya gina manhajar da wasu ƙananan makarantun kuɗi na Narayi da Sabon Tasha suke zuba sakamakon jarrabawa a ciki, iyaye su duba a wayoyinsu ba sai sun zo sun yi layi a rana ba. Ni kuma nawa aikin yawo ne daga wannan ofis zuwa wancan, in yaba wa Madam mai makaranta sabon fentin da ta yi, in tambayi lafiyar jikokinta, in fito da aiki a hannu. In komai ya tafi daidai ni ake yi wa godiya. In ya lalace ni ake kira, ni kuma in kira shi. Shekaru muka yi a haka, kuma gaskiya tsarin bai taɓa matsa mini ba.

Injiniya nake ce masa tun muna ɗalibai, shi kuma ya ce mini Malam, wai don na iya dogon bayani a kan abin da ban sani ba. Mutumin kudancin Kaduna ne. A Narayi yake zaune da mahaifiyarsa, wadda ni ma Mama nake ce mata, don faten accanta ya daɗe da zama haƙƙina. Yana da sikila. Wanda bai san shi ba ba zai gane ba, sai damina ta kankama, sanyi ya shiga jiki, ciwon ya kai shi gadon asibiti.

Duk lokacin da aka kwantar da shi, nakan je dubiya da ledar lemo a hannu da jakar laftof a kafaɗa. Shi da kansa yake cewa in zo da ita, wai aikin mutane ba ya jiran mara lafiya. Sai in ɗora masa a cinya, ana yi masa ƙarin ruwa a hannun hagu, yana dannawa da na dama, yana cije leɓe. Mama takan dubi jakar, ta dube ni, sannan ta ɗauki filas ɗin da ta riga ta wanke ta ce bari ta je ta wanko shi.

A hankali ciwon ya ci masa ƙashin ƙugu. Ya fara da ɗingishi, daga baya ya koma dogara sanda, shiga keke-napep ma sai an kama shi. Likitoci suka ce sai an yi masa tiyata an canja ƙashin, suka kuma ja masa kunne cewa jinkiri ƙara lalata wurin yake yi. An sa masa rana ya ɗaga, an sake sawa ya sake ɗagawa, kullum da dalilin aiki. A shekarar da nake ba da labarinta, ranar da aka ba shi ta faɗo a makon ƙarshe na zango na uku, makon da kowace makaranta ke sakin sakamako, kowane uba ke son sanin ko ɗansa ya wuce aji na gaba. Yana gama karanta saƙon asibitin ya kifa wayar a kan tebur ya ce, "Wannan ma ba za ta yiwu ba."

Ran nan da na tashi tafiya, Mama ta biyo ni har bakin get.

"Ɗana, tsaya in tambaye ka. Wannan abin da yake dannawa, aljanu ne suka koya masa?"

"A'a, Mama, karatu ne."

"To karatu ai mutum ke yin sa. Kai ba mutum ba ne? Ka koya. In dai ba ka koya ba yaron nan ba zai je ba, ni na san abin da na haifa. Zai zauna yana gadin sakamakon 'ya'yan wasu har ƙafar ta mutu."

Na buɗe baki zan kawo irin bayanin nan nawa, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ban taɓa ganin haka ba, ko a ranakun da ciwo ke sa shi ihu. Na ce, "To, Mama." Har na isa gida Kakuri ina jin nauyin wannan alkawari a ƙirjina, domin ban san girman abin da na ɗauka ba.

Da na gaya wa Injiniya, ya yi dariya har sai da ƙugun ya tuna masa da kansa. Da ya ga ban taya shi ba, ya gyara zama ya yi mini bayani irin wanda bai taɓa ɓata lokacinsa ya yi mini ba. Ashe manhajar tamu ba a dunƙule take ba, kashi-kashi ce. Akwai mai karɓar mutum a ƙofa, akwai mai haɗa maki, akwai mai fitar da takardar sakamako. Kowane kashi an ƙunshe shi da duk abin da yake buƙata a wuri guda, yadda za a ɗauke shi daga wannan kwamfuta a dire a waccan ya ci gaba da aikinsa. Wannan ƙunshin shi ake kira kwantena. Kwamfutocin da ke ɗauke da kwantenonin kuma an haɗa kansu, ɗaya ce babba mai rabon kaya, sauran 'yan dako ne. In ɗaya ta faɗi, babbar ta kwashe kayanta ta ɗora wa wata, mai duba sakamako bai ma san an yi ba. Wannan haɗin shi ne kulasta. Tamu ta gaske tana kan kwamfutocin haya a wata ƙasa, waɗanda daga ni har shi ba wanda ya taɓa sa su a ido.

Sannan ya kafa mini sharaɗi. In gina ƙaramar irinta mai kwamfuta uku, daga tushe, da hannuna. In na gama zai kashe ɗaya daga cikin kwamfutocin a gabana. In aikin ya ci gaba, kuma na iya tayar da wadda ya kashe, zai je asibiti. In na kasa, zai kira su ya ɗaga.

Na ce, "Kwamfuta uku a ina? Ɗaya gare ni, ita ma ka san halinta."

Ya ce, "Ita za ka raba uku."

Nan na fara sanin cewa ana iya gina kwamfuta a cikin kwamfuta, ta kunna kanta, ta kashe kanta, tana zaton ita kaɗai ce a duniya. Su masu sana'ar VM suke cewa. Ni kuwa 'yan haya na sa musu, don haka na gan su: gida ɗaya, kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma wuta ɗaya, rijiya ɗaya.

Laftof ɗina na gwanjo ne, ya sha duniya kafin ya zo hannuna. Ɗan haya ɗaya na fara gwada sawa, laftof ɗin ya kama haki kamar tsohon janareta. Na kai shi Sabon Tasha wurin wani Ibo mai sayar da kayan kwamfuta, wanda muka saba. Ya saurare ni yana kwance sukurori, ya ce, "Malam, kana so mutum uku ya hau mashin ɗaya? No wahala, amma sai mun ƙara masa ƙarfi." Ya ƙara masa ram, wato shimfiɗar da kwamfuta take baza abin da take aiki a kai. Ya goge fankar, ya ɗaure, ya ce in gaishe da Injiniya, in kuma gaya masa suna sa shi a addu'a a cocinsu.

A barandar gidan Mama muka kafa makaranta, da rana, in na gama zagayen makarantu. Dokokin Injiniya biyu ne, ba zai taɓa laftof ɗina ba, kuma ba zai faɗa mini amsa ba. Zai nuna mini inda zan karanta, in na tambaye shi ya mayar mini da tambaya. Amma kafa doka daban, kiyaye ta daban. Ranar farko ina laluben haruffa, hannunsa na rarrafowa ta gefen tebur kamar kyanwa ta ga kifi. Mama na kallonmu ta tagar kicin. Sai ga ta da faranti cike da agushi, ta dire masa a cinya.

"Ga naka aikin. Ka ɓare mini, ka bar yaro ya yi nasa."

Yaron da ake nufi ni ne, mai 'ya'ya biyu da furfura a gemu. Tun daga ranar, in na tuna koyon nan, ƙarar ɓarar agushi nake fara ji a kunnena. In ina kan hanya, ƙarar tana tafiya a natse. In na nufi rami sai ta yi sauri. Na so in riƙa karanta amsa daga nan, amma ya gane, ya koma ɓarewa da sauri ko da ina daidai.

Gina ɗan haya na farko ya cinye mini yini guda. A sauke tsarin da zai tafiyar da kwamfutar, a sauke abin da ke tayar da kwantena, a sauke kayan haɗa kulasta, kowanne sai ya zuƙi data. Saƙo ya shigo wayata cewa ta kusa ƙarewa, na ƙara, ba a jima ba ya sake shigowa. Da na tuna saura biyu, sai na kama lissafin kuɗin aljihuna.

Nan dabara ta zo mini, kuma har ga Allah na yaba wa kaina. Mu nan ba a sauke abu sau biyu. Fim ne, ko karatun malami, ko waƙar coci, mutum ɗaya ke ƙona datarsa, sauran unguwa su karɓa waya zuwa waya. Wanda ya sauke abin da maƙwabcinsa ke da shi, ko dai baƙo ne ko kuɗi ke damunsa. Saboda haka na kashe ɗan hayan nan, na kwafe shi sukutum, na liƙa sau biyu. Kafin Mama ta sauke tukunya ina da uku. Na raɗa wa kowa suna don kada su rikice. Babbar na sa mata Kakuri, 'yan dakon kuma Narayi da Sabo.

Ƙarar agushi ta tsaya cak. Na ɗaga kai.

"Akwai magana ne?"

"Na ga dai unguwarku ka ba sarauta," ya ce, ya ci gaba da ɓara.

"Ban da wannan fa?"

"Laftof ɗinka ne, Malam."

Tun a darasin farko ya gaya mini cewa babba dole ta kasance da adireshin da ba ya canjawa, don 'yan dako su san inda za su same ta. Na yi wa Kakuri wannan da hannuna. Sauran biyun na bar netwok ya ba su duk adireshin da ya ga dama, tunda ya fi sauri. Na tayar da babba, ta ba ni wani dogon layin rubutu, na kai wa Narayi ta shiga, na kai wa Sabo ta shiga. Na tambayi babba halin da jama'arta ke ciki, sai ga sunaye uku a jere, kowanne an rubuta a gabansa cewa a shirye yake. Na miƙe tsaye na ɗaga hannu sama. Na leƙa kicin na ce wa Mama ta fara haɗa masa jakar asibiti.

Kafin in gama kwanon faten da ta zuba mini, Narayi ta faɗi.

Na kashe ta na kunna, ta dawo, sai Sabo ta kwanta. Na tayar da Sabo, Narayi ta sake sulalewa. Wani lokaci su tsaya tare har in fara sakin jiki, ina juya baya ɗaya ta ɓace. Kwantenonin da na ɗora musu sai kaiwa da komowa suke yi, shafin sakamako ya buɗe yanzu, anjima ya ƙi. Sauri ya haifi nawa, amma a lokacin ban san wane saurin ba ne.

Mako guda na yi ina neman mai laifi, kuma ko'ina na duba ban da inda ya dace. Na zargi wutar lantarki. Na zargi zafi, har na ɗora laftof ɗin a kan marafan kwalba huɗu na juyo masa fanka. Na koma Sabon Tasha da fuska a murtuke, mutumin ya gwada ram ɗinsa a gabana ba tare da ya ɗaga murya ba, ya ce, "Kayana lafiya lau, Malam. Ka duba mutanen da ka ɗauka." Na dawo na ci gaba da abin da na fi iyawa, wato kashewa da kunnawa, irin maganin da muke yi wa talabijin da waya da duk abin da ya ƙi ji.

Ana cikin haka asibiti suka kira. Suna son amsa ranar Litinin, don akwai jinin da za a tanada kafin aikin. Ranar Asabar ce, muna baranda, hadari na haɗuwa ta gabas. Injiniya ya ajiye wayar ya ce a hankali, "Zan ce musu bayan hutu."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban saba ba. Na ce, "Haba, mutumina! Ka san abin da ke damun wannan abu, ina gani a fuskarka. Ka faɗa mini kawai in gyara mu wuce wurin. Ƙafarka ce fa, ba tawa ba."

Ya ce, "In na faɗa maka yau, ran da aka ba ni maganin barci wa za ka tambaya?"

"To ka zauna da taurin kanka."

"Ba taurin kai ba ne. Tsoro nake ji, Malam. In na shiga ɗakin nan ina so in shiga da kaina ɗaya, ba rabi yana wurin Madam ba."

Bai taɓa ce mini yana jin tsoro ba, duk shekarun nan. Na rufe laftof na tafi kafin ruwan ya sauko, ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ina kuma jin kunyar haɗa ido da Mama a bakin get.

Washegari Lahadi suna coci, ni kuma ina gida. Bayan azahar na shimfiɗa darduma a tsakar gida na buɗe laftof. Na yi wa kaina alkawarin ba zan kashe komai ba, ba zan kunna komai ba, kallo kawai zan yi. Duk kwanakin nan kowane ɗan haya ta tagarsa nake leƙa shi, in ga yana nan lafiya, in rasa me ke kayar da shi. Sai na ce bari in bi hanyar da babba take bi in tana nemansu. Na duba adireshin Narayi, na shiga cikin Kakuri, daga nan na ƙwanƙwasa ƙofar Narayi.

Sabo ce ta buɗe mini.

Na ce ko kuskuren rubutu na yi. Na fita na sake ƙwanƙwasawa a hankali, harafi bayan harafi, sai Narayi ta amsa. Na sake, sai ga Sabo. Na koma tagar Sabo na duba adireshinta, na jera shi da na Narayi. Iri ɗaya ne, babu bambancin ko ɗigo. Gida biyu da lamba ɗaya, duk saƙon da babba ta aiko wanda ya riga miƙa hannu shi ke karɓa, ɗayan kuma a rubuta cewa ba ya nan.

Saura in san dalilin da zai sa netwok ya ba mutum biyu adireshi ɗaya. Na koma wuraren da Injiniya ya nuna mini tun farko, waɗanda na riƙa tsallakewa saboda tsawonsu, na zauna na karanta. Ashe kowace kwamfuta ranar da aka gina ta akwai lambar da take samu a can cikinta, kuma da wannan lambar netwok yake gane ta, ba da sunan da mai ita ya raɗa mata ba. Da na kwafi ɗan hayan farko, har da lambarsa na kwafo. Suna kawai na canja a jikin ƙofa. A wurin netwok, Narayi da Sabo mutum ɗaya ne da ke zuwa sau biyu. Kakuri ta tsira ne don ita da hannu na ba ta adireshi.

Na yi dariya ni kaɗai har maiɗakina ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Na cire su biyun daga kulasta, na goge musu tsohuwar lamba, har da ta babbar, kowacce ta samu sabuwa tata. Na ba su adireshi da hannuna, wanda ba zai canja ba, sannan na sake shigar da su. Ban yi murna ba wannan karon. Na zauna ina kallon sunayen nan uku har aka kira la'asar, na je na dawo, suna nan a tsaye. Magariba ma haka.

Da sassafen Litinin na isa Narayi, kafin ya kira kowa. Na dire masa laftof a gaba na ce, "Kashe wadda ka ga dama."

Ya dube ni, ya ajiye farantin agushi a gefe, ya goge hannunsa a wando. Wannan ne karon farko da ya taɓa laftof ɗin tun da muka fara. Bai yi wata-wata ba ya kashe Narayi, unguwarsu, ba sallama. Na buɗe shafin sakamako, ya ƙi buɗewa.

Na san daga karatun da na yi cewa babba ba ta gaggawa. Takan jira ta tabbatar ɗan dako ya faɗi da gaske kafin ta kwashe kayansa, kuma jiran yakan ɗauki 'yan mintuna. Sani daban, haƙuri daban. Yatsuna suka fara ƙaiƙayi, suna so su kashe su kunna. Mama ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ban san lokacin da na jawo farantin nan na ɗora a cinyata na fara ɓarar agushi ba. Injiniya ya kalle ni ya kau da kai yana danne dariya.

Can sai kwantenonin suka fara tashi a Sabo ɗaya bayan ɗaya. Na sake buɗe shafin, sai ga sakamakon ɗalibin ƙaryar da muka ƙirƙira don gwaji, da jan makinsa na lissafi yadda muka bar shi. Na tayar da Narayi, ta dawo layi ba tare da ta ture kowa ba.

"Me ya same su da can?" ya tambaya.

Na gaya masa, kuma a rayuwata wannan ne dogon bayanin farko da na yi a kan abin da na sani.

Ya ce, "Tun ranar da ka kwafa na gani. Ni ma na taɓa yi, don tsoron data. Ran nan agushin da na murƙushe ya fi wanda na ɓare." Ya ɗauki waya, ya ɗan jima yana kallonta, sannan ya kira asibiti ya ce musu zai zo. Mama ta koma kicin, muka ji ta fara rera waƙar coci ƙasa-ƙasa.

A kwanakin da suka rage ya ba ni makullan kulasta ta gaske, muka zaga ta tare, ni ke dannawa, shi ke ɓara. Ranar da aka shiga da shi tiyata, makarantu suka fara sakin sakamako. Da hantsi wata Madam ta kira ni tana faɗa cewa iyaye sun cika mata ofis, shafi ya ƙi buɗewa. Babban yatsana ya tafi kan lambarsa da kansa, kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Na tsaya ina kallon sunan. A daidai lokacin yana kwance ƙarƙashin fitilun likitoci, wayarsa na cikin jakar Mama. Na kifa tawa wayar, na bi hanyar babba na ƙwanƙwasa ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga cikin kwamfutocin ce ta cika maƙil da hotunan ɗalibai da malamai suka loda ba tare da sun rage girmansu ba. Na share mata wuri, kaya suka koma mazauninsu. Na kira Madam na ce ta sake gwadawa, na kuma tambayi lafiyar jikokinta.

Washegari da yamma aka ce ana iya ganinsa. Maiɗakina ta yi masa farfesun kaza, na saya masa lemo da kankana a bakin asibiti. Mama na zaune a kan benci a ƙofar ɗakin. Da ta hango ni ta miƙe, idonta bai tsaya a fuskata ba, kafaɗata ya nufa. Ta duba ta dama, ta duba ta hagu, har ta ɗan leƙa bayana, babu jakar laftof. Sannan ta karɓi kular farfesun da hannu biyu ta rungume a ƙirji, ta koma ta zauna, ta ja gefen ɗankwalinta ta rufe fuska.

"Shiga, ɗana," ta ce. "Ya farka."

Yana kwance, fuskarsa ta faɗa, da ƙarin ruwa a hannun hagu kamar kullum. Na ja kujera na zauna. Ya miƙo hannun dama ta gefen gado, tafin a buɗe, yadda ya saba.

"Ina laftof?"

"Yana gida."

"Sakamako fa?"

"Iyaye sun gani. Wasu na murna, wasu na neman bulala."

Ya lalubo wayarsa a ƙarƙashin matashi ya duba kiran da ya rasa. Ya ja sama, ya ja ƙasa. Akwai na fasto, akwai na 'yan'uwa daga ƙauye, babu nawa ko ɗaya. Ya daɗe yana kallo kafin ya ajiye ta a kan ƙirjinsa. Ya dubi hannunsa na dama da ba shi da abin yi, ya dube ni.

"Ashe haka dubiya take," ya ce.

Na ɗauko lemo ɗaya daga leda na fara ɓare masa.